A Ce Ni Ne Na Yi Wa Boxer Ƙarin Ruwa

Duk mai kallon bidiyon babura a waya zai iya cin karo da ita. Wata 'yar kwalba ce da ba ta wuce tsawon tafin hannu ba, a ɗaure ta a jikin babur, a ja siririn tiyo daga gindinta zuwa tayar baya, ita kuma ta riƙa ɗiga wa sarƙa mai da kanta, ɗis, ɗis, mai babur na tafiyarsa ko waiwaye ba ya yi. Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce Scottoiler, wadda wani mutumin Sukotland mai suna Fraser Scott ya ƙirƙiro, kamfanin kuma yana wani gari kusa da Glasgow. Masu ita suna cewa tana iya ninka rayuwar sarƙa har sau bakwai. To, ka gaya wa ɗan acaɓan da ke canza sarƙa da sifuroket da kuɗin guminsa cewa ga abin da zai ninka masa su sau bakwai, ai ka taɓa masa inda yake masa ƙaiƙayi. Ni kuwa ra'ayina, babur irin Boxer wanda 'yan uwanmu ke neman abinci da shi tsakanin Ketu da Mile 12 da Agege a Legas ba ya bukatar wannan kwalba, kuma wanda ya nace ya ɗaura ta zai yi wa kansa sayen wahala da kuɗi tsaba. Na'urar ba ƙarya ba ce, tana aikinta. Babur ɗin ne ba nata ba, titin ma ba nata ba, mai babur ɗin kuma, in za a faɗi gaskiya, shi ne ya fi kowa zama ba nata ba.

A fara da abin da babu gardama a kansa: sarƙa tana son mai. Wadda ke jikin Boxer da ire-irensa galibi lamba 428 ce, tazarar kowace ƙusa da ta gabanta rabin inci, wato milimita 12.7, kuma tsarinta bai yi nisa da wanda Hans Renold ya yi wa rajista a 1880 ba. Kowace gaɓa ƙusa ce a cikin ɗan bututu, a bayan bututun kuma ga zobe mai juyawa. Duk sanda gaɓa ta hau haƙorin sifuroket sai ta lanƙwasa, ƙarfe ya goga ƙarfe. In babu mai a tsakani, ƙusa ta cinye, rami ya buɗe, gaɓoɓi sama da ɗari kowace ta ƙara ɗan tsawo, sai ka ji sarƙa na ƙaras-ƙaras tana dukan ƙarfen da ke riƙe da tayar baya. Daga nan haƙoran sifuroket su yi tsini su karkace, wata rana ana tsakiyar hawan gada ta zame. Legas kuwa ta tanadar wa sarƙa maƙiya biyu. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa ne, ya fi tsanani a Yuni da Yuli, kuma mutanen Agiliti da Maidan da Owode sun san ba sai an yi ruwan sama a kansu ba: in aka saki dam ɗin Oyan a jihar Ogun, kogin Ogun zai kawo musu nasu har gida. Ruwa na wanke mai, ya bar tsatsa. In damina ta wuce kuma ga ƙura da yashi, waɗanda in suka haɗu da mai suka zama wani baƙin kwaɓi mai cin ƙarfe fiye da bushewar ma. Saboda haka wanda ya ce sarƙar Legas na shan wuya bai yi ƙari ba. Inda muka rabu da shi shi ne maganin.

Injiniyoyin Indiya da suka zana Boxer sun riga sun yi tunanin wannan wuyar, shi ya sa babur ɗin ke fitowa daga kwali da kes, rufin ƙarfe sama da ƙasa wanda ya lulluɓe sarƙa tun daga inji har tayar baya, da ɗan rami mai murfin roba inda za ka zura yatsa ka ji ta saki ko ta ɗaure. A cikin kes ruwan titi ba ya dukan sarƙa kai tsaye, yashi ba ya samun ƙofa sai kaɗan, man da ka zuba kuma yana zama inda ka zuba shi. Baburan Turawan da aka yi wa kwalbar nan ba su da wannan gata. Manya ne, sarƙarsu a waje take, ana gudu da su ɗaruruwan kilomita a rana ɗaya cikin ruwan Birtaniya da gishirin da ake barbaɗa wa tituna lokacin ƙanƙara. Ga mai irin wannan babur, tsayawa a gefen hanya don shafa mai aiki ne, kwalbar ta ɗauke masa. Mu kuma me muka yi? Je ka tsaya a kowace tashar okada ka duba gefen hagu na baburan. Za ka ga waɗanda aka kwance wa rabin kes na ƙasa, da waɗanda aka kwance duka, da waɗanda kes ɗin na nan amma murfin robar ya yi ƙaura tun makon farko, an toshe ramin da ledar fiya wata. Dalilai ba sa ƙarewa: yana ƙara, yana hana ɗaure sarƙa da sauri, noti ɗaya ya faɗi sai sauran suka bi shi, makanike ya cire ya ce a dawo gobe, gobe kuma shekara biyu ke nan. Mutum ya jefar da kariyar da aka ba shi kyauta, sannan ya zo yana tambayar farashin wadda za a aiko masa daga Sukotland.

Don kada wani ya ce da shi nake, bari in ɗora wa kaina. A ce ni ne na ga bidiyon, zuciyata ta tafi. Mafi sauƙin kuɗi a cikin na kamfanin nan tana kusan fam ɗari, a ƙarshen 2024 kuwa fam ɗaya ya kai wajen naira 2,000, ban sa kuɗin jirgi da na kwastan ba. Da wannan kuɗin zan sayi sarƙa da sifuroket na Boxer saiti-saiti in jera a ƙarƙashin gado, in riƙa canzawa ina yi wa tsofaffin addu'a. Amma a ce na rufe ido na biya, kwali ya iso. Irin wannan na'ura da zuƙar inji take aiki: akwai siririn tiyo da ake haɗawa da maƙogwaron da ke tsakanin kafireta da inji, in inji ya tashi zuƙar ta ɗaga wani ɗan bawul a cikin kwalbar, mai ya fara sauka, in an kashe inji bawul ya koma ya rufe. Wayo ne mai kyau. Matsalar ita ce ba kowane ƙaramin babur ke da hancin da za a soka wannan tiyo ba, sai an huda maƙogwaron an dasa masa. Zan tura babur wurin makanike a Alapere, ya juya kwalbar sama da ƙasa, ya shinshina, ya ce, "Maigida, wannan kuma maganin me ye?" In yi masa bayani, ya ce ya gane, ai ya sha yi. Ba zai ce bai taɓa gani ba, don makaniken da ya ce bai iya ba bai tashi shan romo ba. Zai ɗauko ƙusa ya ɗora a wuta, ya huda, ya soka tiyo, ya liƙe da gam da toka. Ramin ya fi tiyon faɗi kaɗan, iska ta samu hanyar shiga inda bai kamata ba, cakuɗar fetur da iska ta lalace. Babur ɗin da da bugu ɗaya yake tashi yanzu sai an yi masa biyar, in ya tashi kuma silo ya ƙi zama, yana hawa yana sauka, in na tsaya ɗaukar fasinja ya mutu. Washegari in koma, makanike ya ce fulogi ne. A canza fulogi. Jibi ya ce kafireta ce, a wanke. Har yanzu ko ɗigo ɗaya bai taɓa sarƙa ba, na riga na yi asarar kwana uku na aiki, wanda ya ba ni hayar babur kuma na jiran balas ɗinsa.

A ce dai an daidaita. Masu na'urar suna ba da shawarar ɗigo ɗaya a minti ɗaya, ita kuma kwalbar abin da take ɗauka wajen mililita 50 ne. Mililita ɗaya ɗigo ashirin ne ko kusa da haka, saboda haka cikinta ɗigo dubu ne, ɗigo dubu kuma minti dubu, awa goma sha shida da 'yan kai. Baturen da ke fita yawo ranar Lahadi zai yi wata bai duba ta ba. Ni da injina ke kunne awa goma a rana, kafin magaribar rana ta biyu ta bushe. Kuma tunda da zuƙar inji take aiki, ba ruwanta da ko taya na juyawa. Ina tsaye a go-silo, tirelar tumatir ta gitta a hanyar shiga kasuwa, ba gaba ba baya, ita tana ta ɗis, ɗis a wuri ɗaya, man na taruwa. Da zarar hanya ta buɗe na murɗa totur, sifuroket ya juya, duk abin da ya taru ya tashi sama. Ga kuma zafi. Mai in ya ji zafi ruwa yake yi, shi ya sa kamfanin ke sayar da iri biyu, shuɗi na yanayin da bai wuce digiri 30 ba, da ja na tsakanin 20 da 40. Saitin da na yi da asuba ana sanyi, kafin azahar ya zama famfo. To, da yake na cire kes don tiyo ya samu hanya, man ba shi da inda zai sauka sai wurare uku: gefen taya, bayan rigata, da ƙafar hagun fasinja. A ce kuma ranar Juma'a ce, na ɗauko wani Alhaji a Oniwaya cikin farar shadda da aka buga ta sha sitati, zai je masallaci. Ya sauka, ya zaro kuɗi, idonsa ya faɗa kan ƙafar wandonsa, ɗige-ɗige baƙi tun daga idon sawu har gwiwa. Zan ce, "Ranka ya daɗe, wallahi na'ura ce daga Turai." Ban ga yadda wannan bayani zai sanyaya masa zuciya ba. Shi Alhaji ma da sauƙi, zai iya cewa Allah ya isa ya wuce. In matar da ta fito da leshin biki ce, sai dai jama'a su raba. Wannan duk abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne man da ya gangara gefen taya, domin ranar da na kwanta a kwana bisa jiƙaƙƙiyar kwalta, a nan za a yi garin neman gira a rasa ido.

Wani zai ce ai ba ita kaɗai ba ce. Gaskiya ne. Akwai mai aiki da batir, tana da abin jin motsi, sai babur na tafiya take sakin mai. Sai dai ta fi tsada, kuma tana ɗauka cewa babur na da batir mai rai, alhali yawancin baburan haya batirinsu ya rasu tun da daɗewa, hon ma sai inji na gudu yake fitar da 'yar murya. Akwai Tutoro ta Ingila, wadda ba ta taɓa inji ba ta taɓa waya, wani ɗan nauyi ne a ciki da girgizar hanya ke ɗagawa ya buɗe wa mai ƙofa. Wanda ya zana ta yana lissafin girgizar titin Ingila ne. A lungunan Ketu bayan damina ban ga lokacin da ƙofar nan za ta samu sukunin rufuwa ba. Sai kuma wadda na fi tsoro, domin ita ce wadda za mu iya: ta gida. Ɗan Arewa ba ya ganin abu sau biyu bai haɗa nasa ba. A shiga kemis a sayo tiyon ƙarin ruwa mai ɗan gare-garen nan na rage gudu, a samo robar magani ko babban sirinji, a cika da baƙin man da aka juye daga inji, a ɗaure a ƙarƙashin kujera da igiyar roba. Ga babur an yi masa ƙarin ruwa kamar mai zazzaɓin cizon sauro a gadon asibiti, sai dai shi ba nas ɗin da za ta zo ta rufe. Naira kaɗan ne, kuma na yarda akwai basira a ciki. Amma ba ta da bawul, ba ta san an kashe inji ba. Ranar da na dawo a gajiye na manta ban murɗa gare-garen ba, da safe zan tarar da tafkin baƙin mai a tsakar gidan haya, a daidai inda matan gida ke ajiye bokitan wanki. Shi kansa baƙin man, banda ruwa-ruwan da ya yi, cike yake da toka da ɓurɓushin ƙarfen da inji ya zubar. Abin da aka cire don kada ya cinye inji, shi za a riƙa ɗiga wa sarƙa minti-minti.

Akwai wani lissafin kuma da mai bidiyo a Turai ba zai taɓa sa shi a cikin nasa ba. Tun 2012, zamanin Fashola, dokar zirga-zirga ta Legas ta hana okada bin hanyoyi 475. Ran 1 ga Fabrairu 2020 gwamnatin Sanwo-Olu ta hana okada da keke mai ƙafa uku a wasu ƙananan hukumomi, ran 1 ga Yuni 2022 aka sabunta haramcin okada gaba ɗaya a Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Lagos Mainland da Lagos Island, a cikin watan kuma aka murƙushe babura sama da 2,000 a gaban kyamarori. Ran 1 ga Satumba na shekarar aka ƙara Kosofe da Mushin da Oshodi-Isolo da Shomolu. Ketu a Kosofe take. Agege ba ta cikin jerin, amma wanda ya taso daga Agege ya yi kuskuren kwana ɗaya ya tsinci kansa a Ikeja. Mutanen Kano ma sun ga irin wannan tun Janairun 2013, da Kwankwaso ya hana acaɓa bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Ba ina ba kowa shawarar karya doka ba ne, kuma ba ina yi wa dokar waƙa ba. Abin da nake cewa shi ne na'urar nan jari ce da ba ta mayar da kuɗinta sai bayan dubban kilomita, shi kuwa babur a wannan yanki ba ya da tabbacin kwana a gida. Ranar da 'yan tasfos masu kamen babura suka ɗora shi a bayan mota, ba za su tsaya in kwance kwalbata ba. Injin murƙushewa kuma bai san Glasgow ba. Tun bayan 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin fetur, duk nairar da ta rage a aljihun ɗan acaɓa tana da masu jiranta: gidan mai, 'yan tikiti, mai babur, da iyalin da aka bari a Arewa.

Hujja mafi ƙarfi da masu son na'urar ke da ita ita ce mantuwa, kuma ba zan raina ta ba. Suna cewa kowa ya san ya kamata a sa wa sarƙa mai, amma wa ke yi? Mutum ya fita tun asuba, ya dawo bayan isha'i, ƙashin bayansa na ciwo, sai ya durƙusa yana lalubar sarƙa da tocilan? Na'ura ba ta gajiya, ba ta mantuwa. Ɗan mai kaɗan kullum kuma ya fi malala sau ɗaya a wata, domin sabon man na ture dattin da ya kama. Duk na yarda. Amma a duba abin da na'urar ke nema a wurin mai mantuwar nan: ya tuna ya cika ta duk kwana biyu, ya tuna ya rage in rana ta yi zafi, ya ƙara in an yi ruwa, ya duba ko bakin tiyo na nan inda aka ajiye shi, ya goge gefen taya, ya nemo man da ya dace da ita wanda ba a sayar da shi a bakin titin Demurin. An ɗauke masa aiki ɗaya an ba shi shida. Kuma bushewar kwalba ta fi rashinta haɗari, domin wanda ba shi da ita yakan ji ƙara ya ce bari in duba, wanda ke da ita kuwa ya riga ya sallama, ya ce ai na'ura na yi. Aikin da ake gudu kuwa ga shi: ka ɗora babur a kan babbar jaka, ka cire murfin roba, ka juya taya da hannu, inji a kashe, kana ɗiga man giya mai kauri lamba 90 har sarƙa ta zagayo, ka danna ta da yatsa ka ga sakinta bai wuce faɗin yatsu biyu ba. Masu ƙera irin waɗannan babura sukan ce a yi haka duk wajen kilomita 500. Kafin mai shayi ya gama soya maka ƙwai ka gama. A ɗaura shi da wani abin da ba a mantawa, misali safiyar Juma'a in an wanke babur, shi ke nan. Na ce inji a kashe, kuma da gaske nake: masu sa giya taya na juyawa suna goge sarƙa da tsumma, sifuroket ba ya mayar da yatsan da ya karɓa.

Akwai masu cewa makanikai ne ke kushe na'urar don kada kasuwar sarƙa ta mutu, wanzami ba ya son jarfa. Wannan ba ta taɓa ni ba, ban da shagon kayan gyara a Ladipo, ban da ɗan uwa mai sayar da su a Nnewi. In ma don makanike ne, shi ya fi kowa murna da ita, kun dai ga yawan zuwan da na yi wurinsa a sama. Wadda ta fi wannan nauyi ita ce ta masu cewa kes ɗin da nake yabo shi ma yana da aibi: in ka ratsa ambaliya ruwa da laka su shige ciki su kwanta, sarƙa ta yi ta iyo a taɓo ba ka sani ba. Haka ne, kuma mutanen Agiliti ba sa bukatar a ba su labari. Amma maganinsa noti ne 'yan ƙalilan: ranar da ka ratsa ruwan da ya kai gindin inji, ka sauke rabin kes na ƙasa, ka wanke sarƙa da kananzir da tsohon buroshi, ta bushe, ka sa mai, ka mayar. Kwalba ba za ta yi maka wannan ba ko da kes ko babu, ɗigo ɗaya a minti ba ya wanke lakar Maidan. Ƙarar da ake kuka da ita kuma galibi sarƙar ce ta saki take dukan kes, wato yana gaya maka lokacin ɗaurewa ya yi. Cire shi don a daina jin ƙarar bai ɗaure sarƙar ba.

Wanda zan ɗaga wa ƙafa mutum ɗaya ne: mai kai saƙo. Dokar Legas ta bar wa baburan aike masu ƙarfin 200cc zuwa sama damar bin manyan hanyoyi in suna da rajista, da yawa daga cikinsu kuma sarƙarsu a buɗe take tun daga kamfani, rufin sama kawai gare ta. Mai irin wannan babur yana tashi daga Ketu ya bi Gadar Third Mainland ya dire Lekki ya dawo ya nufi Ikorodu a yini ɗaya, ba ya ɗaukar Alhaji, akwati ne a bayansa, akwati kuma ba ya Allah ya isa. In sarƙarsa mai zoben roba ce a tsakanin gaɓoɓi, wadda aka rufe mata giris a ciki, abin da take bukata daga waje shi ne ɗan danshi don robar kada ta bushe, zobban ƙarfe masu juyawa kuma su sulale a kan haƙora, wannan kuwa shi ne ainihin aikin da aka yi na'urar dominsa. Shi in ya saya bai yi wauta ba, da sharaɗin ya ɗaura ta daidai. Ya fara da wanke sarƙa da kananzir, kada ya kusance ta da fetur domin yana cin robar, in kuma ta riga ta mutu ya canza ta tare da sifuroket biyun, mai ba ya tayar da gawa. Kwalbar ta tsaya a miƙe ko kusa da haka, ramin shaƙar iskarta na sama, nesa da salansa da kan inji, a inda hannu zai kai ba sai an kwance rabin babur ba, amma ba a inda idon yaran unguwa zai kai ba. Tiyo ya bi ta ƙasan ƙarfen da ke riƙe da taya, a ɗaure shi tsaf, a bar masa ɗan saki a wurin da ƙarfen ke hawa da sauka, a kuma bar ragowar da za ta isa ranar da aka ja taya baya don ɗaure sarƙa. Bakin tiyon ba a kan sarƙa ake ɗora shi ba, nan mutane suka fi kuskure. Jikin sifuroket na baya yake ɗan taɓawa, ta ƙasa, gab da inda sarƙa ke hawa haƙora, juyawar ce ke watsa man zuwa cikin gaɓoɓi. Sannan ya tura babur baya da hannu ya gani, domin bakin da ya zauna lafiya in ana gaba, haƙori na iya cafke shi in ana baya, masu babur a Legas kuwa rabin rayuwarsu ja da baya ne da ƙafa.

Saiti kuma a yi shi da rana, inji da zafinsa, agogon waya a hannu. A fara da ƙasa da ɗigo ɗaya a minti, a yi yini, a duba. In zobban sarƙa na ɗan sheƙi, gefen taya kuma a bushe, an samu. In akwai ɗige-ɗige a jikin rim ko lambar babur, a rage. In hunturu ya shigo da ƙurarsa a ƙara ragewa, in Yuni ta kama a ɗan buɗe. In irin mai zuƙar inji ce, kada a bar kowa ya kusanci maƙogwaro da ƙusa mai zafi, a nemi wanda ke da abin huda da bakin da ya zo a cikin kwali, in babu a haƙura a sayi wadda ba ta taɓa inji. Sannan ya san cewa babban abokin gabar na'urarsa ba ruwa ba ne, ba ƙura ba ce, mai faci ne. Duk ranar da ƙusa ta shiga tayar baya, yaron mai faci zai zare tayar, ya ga wani siririn abu na reto yana tare masa hanya, ya lanƙwasa shi gefe ko ya tsinke shi ya jefa a kwata, ya mayar da taya, ya buga mata iska, ya ce, "Oga, an gama." Saboda haka kafin ya miƙa kuɗin faci, ya durƙusa ya ga inda bakin tiyo yake kallo, sifuroket ne ko taya.